Tsakanin Kaka da Marka: Yadda Ake Lissafin Hawa da Saukar Farashi

 

Batun da aka ɗora mini shi ne yadda masana ƙididdiga ke gina tsarin lissafi domin fahimtar zagayen tattalin arziki, musamman idan aka ɗauki lokaci a matsayin abu mai gudana wanda ba ya tsayawa. Ba zan fara da Ingila ko Amurka ba, ko da yake za mu je can. Zan fara da zagayen da kowane magidanci a Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura ya sani a jikinsa.

Wajen watan Satumba gero ke shigowa, dawa ta biyo baya a Nuwamba zuwa Disamba. A daidai lokacin ne masu bin bashin taki ke zuwa ƙofar gida, ga kuɗin makaranta, ga bukukuwan da aka ɗage sai kaka. Kowa ya fito da hatsi lokaci guda, farashi ya faɗi. 'Yan kwarami su tara, manyan motoci su kwashe zuwa Dawanau ko su nufi iyakar Nijar. Da an shiga bazara rumbu ya fara nuna ƙasa, kafin marka ta kankama a Agusta manomin da ya sayar da arha ya koma kasuwa yana awo da tsada. Wannan zagaye ne na shekara guda, kuma ba ya buƙatar digiri kafin a gane shi.

Amma a cikinsa akwai ƙanana. Ku tsaya a layin 'yan hatsi ranar kasuwa. Da hantsi mai kaya yana da ƙarfin gwiwa, an taya ya ce albarka, ya juya kai. Bayan la'asar, direban a-kori-kura ya fara danna oda yana kiran mutanen ƙauyensu, mai kaya ya dubi ragowar buhunsa, ya tuna kuɗin dakon mayar da shi gida, sai ka ji ya sallama a kan abin da ya ƙi da safe. Farashin gero ɗaya, kasuwa ɗaya, rana ɗaya, amma lamba biyu ko uku. Yanzu ku tambayi kanku: jami'in da ya zo sau ɗaya a wata ya rubuta lamba ɗaya, me ya rubuta ke nan? Wannan tambayar ita ce zuciyar laccar yau.

Kafin mu amsa ta, bari mu ga yadda duniya ta yi fama da manyan zagaye. Tunanin cewa yalwa da ƙunci na bin juna tsoho ne. Muna da ƙissar Annabi Yusuf, alaihis salam, ta shekara bakwai na wadata da bakwai na fari, da tanadin da aka yi a tsakani. Ibn Khaldun ma, a Muƙaddimarsa ta 1377, ya yi bayanin tashi da faɗuwar dauloli tare da harajinsu da kasuwanninsu. Auna abin da alƙaluma kuwa ya zo daga baya. A 1862 wani likita Bafaranshe, Clément Juglar, ya bi bayanan bankunan Faransa da Ingila da Amurka, ya nuna cewa rikicin kasuwanci na dawowa, abin da aka ƙiyasta daga baya da shekara 7 zuwa 11. A 1923 Joseph Kitchin ya kawo gajeren zagaye na kimanin wata 40. Nikolai Kondratiev na Rasha ya ce akwai dogo mai kusan shekara 50. William Beveridge ya tattaro farashin alkama na Turai daga 1500 zuwa 1869, ya tace shi da lissafi, ya fito da zagaye fiye da goma, yawancinsu kuma ba su tsaya da ƙafarsu ba da aka sake bincike.

Duk waɗannan sun yi tarayya a zato ɗaya, cewa akwai wani ɓoyayyen agogo a cikin tattalin arziki, in ka gano shi ka gama. A 1927 mutum biyu suka rushe wannan zato, kowa daga ƙasarsa. Eugen Slutsky a Mosko ya ɗauki lambobin da suka fito a wata caca ta gwamnati, lambobin da babu wata alaƙa tsakaninsu, ya riƙa tara goma-goma yana matsawa gaba da ɗaya. Da ya zana sakamakon, sai ga hawa da sauka masu kyan tsari, har suka yi kama da zanen kasuwancin Ingila na 1855 zuwa 1877. Ma'ana, tarin abubuwan da suka faɗo kwatsam yana iya haifar da abin da ido zai rantse zagaye ne. A Ingila kuma Udny Yule ya nuna yadda za a lissafa motsin abu mai lilo wanda ake ta jifa ba bisa ƙa'ida ba. A 1933 Ragnar Frisch na Nowe, wanda ya raba kyautar Nobel ta farko a fannin tattalin arziki da Jan Tinbergen a 1969, ya haɗa tunanin wuri guda.

Ku ɗauki lilon da yara ke ɗaurawa a reshen bishiya. Masu turawa ba su da tsari, wannan ya tura da ƙarfi, wancan a hankali, wani lokaci a bar shi. Duk da haka tsawon igiya ne ke yanke lokacin da zai ɗauka ya je ya dawo, kuma in an daina turawa zai lafa a hankali. Haka tattalin arziki yake a wannan fahimta. Turawar ita ce fari, ambaliya, rufe iyaka, faɗuwar farashin man fetur. Igiyar ita ce tsarin cikin gida: tsawon lokacin da shuka ke ɗauka, yawan abin da ake iya ajiyewa, saurin isar labari, samuwar bashi. Saboda haka aikin mai ƙididdiga shi ne ya fito da lamba uku daga cikin alƙaluma: tsawon zagaye, saurin lafawarsa, da ƙarfin turawar da ke zuwa ba zato. Na yarda da wannan fahimta ɗari bisa ɗari, kuma tarihinmu na goyon bayanta. Ana yawan cewa fari na zuwa duk shekara goma. To, tsakanin farin 1973 da na 1984 shekara 11 ne, amma daga nan zuwa matsalar abinci ta 2005 da ta girgiza Maraɗi da Damagaram shekara 21 ne, kuma shekarun 1950 na ruwa ne mai yawa a duk yankin nan. Kakanninmu da suka ga yunwar Kakalaba a 1913 zuwa 1914 da ta 'Yar Buhu a 1927 ba su ga agogo ba, sun ga turawa ce mai ƙarfi a kan igiya mai rauni.

Yanzu mu koma ga jami'inmu mai lamba ɗaya. Yawancin lissafin da ake koyarwa a aji yana yanka lokaci gunduwa-gunduwa: farashin wannan wata ya dogara da na watan jiya. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na fitar da alƙaluman hauhawar farashi wata-wata, na jimillar abin da ƙasa ke samarwa kuma duk wata uku. Wannan aiki ne mai amfani, ban raina shi ba. Amma kasuwa ba ta san ƙarshen wata ba. Dillali a Maigatari ranar Alhamis ya buga waya, kafin magariba labarin ya iso Babura. Yanka lokaci yana jawo illa uku, kuma ina so ɗalibai su riƙe su da kyau.

Ta farko, abin da ya fi tazarar awonka sauri ba za ka gan shi ba, kuma ba ɓacewa yake yi ba, shiga yake cikin lissafinka da wata kama. Ƙa'ida ce tabbatacciya: mai awo wata-wata ba zai iya ganin zagayen da bai kai wata biyu ba, mai awo duk wata uku ba zai ga wanda bai kai wata shida ba. A ce jami'i na zuwa ranar 15 ga kowane wata. Wannan karon ta faɗo ranar kasuwa, kaya sun cika, wata mai zuwa ta faɗo ranar da babu kowa sai masu shago. Zagayen mako zai bayyana a littafinsa kamar wani dogon zagaye na watanni, alhali babu shi.

Ta biyu, ɗaukar matsakaici ma na ƙirƙiro alaƙar ƙarya. Holbrook Working ya tabbatar da haka a 1960: ko da farashi na yawo ne ba tare da wata alaƙa tsakanin canjin yau da na gobe ba, in ka tara na kowane wata ka raba, canjin wata zai nuna alaƙa da na watan baya har kusan 0.25. Mai bincike zai yi murna ya gano tsari, alhali hannunsa ne ya saka shi.

Ta uku, alƙaluma iri biyu ne, ana kuma cakuɗa su. Farashi da abin da ke cikin rumbu ana ganinsu ne a wani lokaci takamaimai. Yawan buhunan da suka fita daga kasuwa ko kuɗin da gida ya kashe kuwa taruwa suke yi a tsawon lokaci. Lissafin gunduwa-gunduwa na ɗaukar su kamar abu ɗaya.

Maganin da masana suka kawo shi ne a rubuta tsarin tun farko a lokaci mai gudana. Maimakon a ce farashin wata ya dogara da na watan jiya, sai a ce: a kowane lokaci, saurin canjin farashi ya dogara da nisansa daga inda ya saba zama, a ƙara da turawar ba-zata. Michał Kalecki na Folan ya yi irin wannan a shekarun 1930, A. W. Phillips ya nuna hanyar ƙiyasta shi a 1959, sannan Rex Bergstrom, ɗan ƙasar Niyu Zilan, ya sadaukar da rayuwarsa a kai. Shi da Clifford Wymer suka fitar da cikakken tsarin tattalin arzikin Birtaniya a lokaci mai gudana a 1976. Babbar gudummawarsu ita ce hanyar da ke haɗa tsarin mai gudana da alƙaluman da aka tsinta jefi-jefi ba tare da kuskuren yanka ba.

Ga misali da lambobin da na ƙaga don bayani kawai. A ce gada ta karye, buhun gero a Gwiwa ya ɗara na Kazaure da naira 8,000 fiye da yadda aka saba. A ce kuma giɓin yana raguwa da rabi duk mako biyu: 4,000, sai 2,000, sai 1,000. Wannan lamba ɗaya, wato lokacin da giɓi ke ɗauka ya rabu biyu, ta ishe ka lissafa abin da ake sa ran gani bayan kwana 3 ko kwana 17 ko kwana 40. Ba ruwanta da ko ka yi awo mako-mako ko wata-wata. Nan ne amfanin abin yake gare mu. Kasuwanninmu kowace da ranarta. Mai rubutu zai yi rashin lafiya, zai tafi ta'aziyya, ruwa zai hana shi fita. A tsohon tsari waɗannan ramuka ne da ake cikewa da ƙiyasi. A lokaci mai gudana ba ramuka ba ne, tazara ce kawai mai tsawo daban-daban, kuma hanyar tacewa da Rudolf Kalman ya fitar a 1960 tana sarrafa su cikin sauƙi. Manhajojin R da Python na yin wannan kyauta a kan ƙaramar kwamfuta. Tsarin da aka gina don Birtaniya ya fi dacewa da mu fiye da su, domin su alƙalumansu a jere suke, namu ne masu giɓi.

Akwai kuma wani abu namu da littattafan Turai ba su cika kulawa da shi ba, kuma a nan nake so in daɗe kaɗan. Mu kalanda biyu muke rayuwa a kai. Noma na bin rana, ibada na bin wata. Shekarar Hijira kwana 354 ce ko 355, don haka azumi da Sallah na matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara, sai sun yi kusan shekara 33 kafin su zagayo. Buƙatar gero da sukari da ƙanƙara a azumi, da ta raguna a Layya, zagaye ne mai ƙarfi, amma ba ya zama a wata ɗaya na Bature. A 2010 da 2011 azumi ya faɗo a Agusta, a tsakiyar marka, lokacin da rumbu ya ƙare: tsadar damina da tsadar azumi suka hau kan juna. A 2025 ya fara ne a farkon Maris, hatsin kaka bai yi nisa ba. Nan da wasu shekaru zai shigo kaka sosai, buƙatar azumi ta haɗu da arhar sabon hatsi, ɗaya ya rage kaifin ɗaya. Wanda ya ce farashin Agusta kaza ne bisa matsakaicin shekara goma ya cakuɗa Agustan azumi da wanda ba na azumi ba. Wanda ya rubuta ainihin rana kuwa yana iya sa zagaye biyun a tsari ɗaya, mai kwana 365 da mai kwana 354, ya ware tasirin kowanne. Ina ganin ɗalibin da ya yi wannan aiki da kyau a kan ragunan Maigatari ko geron Babura ya yi abin da za a karanta har wajen ƙasar nan.

Sai dai dole in ja kunne. Tsarin lissafi na aiki ne muddin igiyar ba ta canja ba, mu kuwa a 'yan shekarun nan an sha canja mana ita. Farashin ɗanyen mai ya faɗo daga sama da dala 100 a tsakiyar 2014 zuwa ƙasa da dala 30 a Janairun 2016, ƙasa ta shiga koma-bayan tattalin arziki a 2016, ta sake shiga a 2020 saboda korona. An rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020. Canjin takardun naira ya busar da tsabar kuɗi a farkon 2023, har manomi na karyar da kaya ga duk mai kuɗi a hannu. Ranar 29 ga Mayun 2023 aka cire tallafin mai, a Yuni aka saki naira, a Yuli aka yi juyin mulki a Nijar, iyaka ta rufe har Maris na 2024. Hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100 a tsakiyar 2024. Mutane da yawa, har da ma'aikatan da ba su taɓa sana'ar hatsi ba, suka ga ribar da aka ci, suka zuba jari a kakar 2024 suka cika sito. Gwamnatin tarayya kuwa ta riga ta sanar a Yulin 2024 da janye harajin shigo da masara da shinkafa da alkama da wake na kwana 150. A 2025 farashi ya sauka maimakon ya hau, jarin mutane ya narke. Ba kullum ake kwana a gado ba. Babu tsarin da zai faɗa maka ranar da gwamnati za ta sa hannu a takarda. Abin da tsari mai gaskiya zai ba ka shi ne iyaka ta sama da ta ƙasa, ya kuma nuna maka cewa iyakar na faɗaɗa yayin da kake hango nesa. Duk wanda ya ba ku lamba ɗaya tak ya ce ita ce farashin watan Yuli, kada ku saya. Sanin gaibu sai Allah, lissafin nan hasashe ne irin na hukumar kula da yanayi ta NiMet game da damina.

Ko a shekarar da farashi ya hau, a yi lissafi da kyau. A ce ka sayi buhu naira 50,000 a Nuwamba ka sayar 60,000 a Yuli, ribar kashi 20 ke nan a ido. In hauhawar farashi ta shekara kashi 30 ce, a wata takwas ta cinye kusan kashi 19. Saura ɗaya, ba a cire kuɗin sito da maganin ƙwari da dako ba.

Wani zai ce wannan ilimi zai ƙara wa masu ɓoye abinci ƙarfi ne kawai. Damuwa ce ta gaskiya, kuma addininmu ya yi hani ga ɓoye abinci don a ƙuntata wa jama'a. Amma babban ɗan kasuwa ya riga ya san zagayen, yana da yaransa a kowace kasuwa. Wanda ke cikin duhu shi ne mai buhu biyar. Binciken Jenny Aker a kasuwannin hatsi na Nijar ya nuna cewa shigowar wayar salula ta rage bambancin farashi tsakanin kasuwanni da kashi 10 zuwa 16. A Nijar ɗin kuma an daɗe ana tsarin da manoma ke ajiye hatsi a sito na ƙungiya su karɓi bashi a kansa, su sayar in ya yi daraja. Irin wannan tsari ba zai yi lafiya ba sai an san yawan shekarun da ajiya ke biya da waɗanda ba ta biya, wannan kuwa aikin ƙididdiga ne. Ga layin dogo na Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021, wanda zai ratsa ta Kazaure. Ranar da jirgi ya fara ɗaukar kaya, saurin daidaituwar farashi tsakaninmu da Dawanau da Maraɗi zai canja. In ba mu auna yadda yake yanzu ba, ba za mu taɓa sanin abin da jirgin ya kawo mana ba.

Don haka ga roƙona, kuma ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu nake fara miƙa shi, tare da cibiyar koyon fasahar sadarwa da ke garin nan na Kazaure. A ware ɗalibai, kowanne da kasuwar garinsu. A rubuta farashin gero, dawa, wake, riɗi da rago. A rubuta rana ta kalanda biyun, a rubuta sa'a, a rubuta ko farashin sari ne ko na awo. A tafi da sikeli, domin kwano ba ɗaya ba ne: wani an buga gindinsa ya shige ciki, wani mai awo na tara tozo har ya kare da hannu, wani na shafewa. A mayar da komai kilo. Ranar da ba a je ba a bar ta fayau, kada a cike da ƙiyasi, tsarin ya san yadda zai yi da ita. In wani abu ya faru, gada ta karye ko an rufe iyaka, a rubuta a gefe. Kada mu ɓata lokaci muna neman zagayen shekara 50, alƙaluman ƙasar nan tun daga 1960 ba su kai a tabbatar da shi ba. Zagayen shekara da na mako da na azumi kuwa, rubutun shekara biyar ya isa a fara magana a kansu da hujja, a kuma riƙa karanta sakamakon a rediyo da Hausa.

Iyayenmu 'yan kasuwa, da yawanku kuna da tsofaffin littattafan ciniki a cikin akwati, wasu na shekara ashirin, wasu da ajami. Ku ba ɗaliban nan dama su kwafi rana da farashi kawai, ba sunan kowa, ba bashin kowa. Shugabannin sassa kuma, ku karɓi wannan a matsayin aikin kammala karatu, kowane rukuni ya miƙa wa na bayansa littafin. A fara daga kakar bana.